Arnold da Rabin Ƙwallo

Shekara arba'in da shida muna tare da Arnold Thackray, ban taɓa jin kalmar "wataƙila" ta fito daga bakinsa ba. Tambaye shi ko za a yi ruwa, sai ya ɗaga kai ya ce za a yi, ƙarfe uku. In an yi, ya ce ai ya faɗa. In ba a yi ba, ya ce an yi can a garin Skipton. Haka Allah ya yi shi, kuma a haka na gan shi na aura, ba zan ce an yaudare ni ba.

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙar ulu, sashen wanke gashin tumaki, har ranar da aka garƙame ƙofar masaƙar da kwaɗo. Daga nan ya koma mai kula da makarantar firamaren ƙauyenmu, Harkerby, yana fama da makullai da tukunyar ɗumama azuzuwa. Amma tambayi kowa a kwarin nan wane ne Arnold, ba mai ambata maka ulu ko makaranta. Alkalin wasan kurket za su ce. Shekara talatin da uku, kowace Asabar daga Afrilu zuwa Satumba, yana tsaye a tsakiyar fili cikin farar riga mai tsawo, wadda ni nake gogewa ranar Juma'a da dare. Tsakuwa shida yake zubawa a aljihun dama, kowane jifa ya mayar da ɗaya hagu don ƙirge. Ya fitar da limamin cocinmu daga wasa sau huɗu. Ya fitar da mijin 'yarmu Gillian ana saura mako guda bikinsu, yaron nan ya zo cin abincin dare yana cika yana batsewa, Arnold ya miƙa masa dankali kamar ba shi ba.

Ni kuwa ina ɗakin shayi tare da sauran mata, muna yanka burodi da kek mai zabibi da cuku don 'yan wasa. Ta taga nake kallo. Na san yawancin dokokin, amma akwai ɗaya da ta gagare ni har yau, dokar ƙafa. Mai jifa yana neman ya kayar da sanduna uku da ke bayan mai bugu. In mai bugu ya tare ƙwallon da ƙafarsa maimakon katakon hannunsa, alhali ba don ƙafar ba da ta daki sanda, to ya fita. Wato alkali zai yanke hukunci a kan abin da bai faru ba! Na sha ce wa Arnold wannan ai duba ne, ba alkalanci ba. Sai ya ce, "Ido ne, Hazel. Ko kana da shi ko ba ka da shi."

Bara ne aka fara ƙananan maganganu. Wai ya fitar da wani yaro bisa cewa an cafke ƙwallonsa a sama, alhali kowa ya ga ta fara taɓa ƙasa. Wai sau biyu aka yi haka. A watan Mayun bana sai ga takarda daga Keith Ormerod, sakataren ƙungiyar ƙauyukanmu, cike da godiya da yabo kamar ana jana'iza, a ƙarshe yana cewa Arnold ya yi tunani da kyau, ya sanar da shi kafin ƙarshen Yuni ko zai tsaya baɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Keith ɗin nan Arnold ne ya koya masa riƙe katako tun yana zubar da majina. Na ce ya ba ni takardar in kai masa amsa da bakina. Arnold ya soke ta bayan agogon falo, ya ce a bari.

Na san abin da farar rigar nan take gare shi. Lokacin da aka rufe masaƙa wata bakwai ya yi ba ya aski, ba ya magana, Asabar ce kaɗai ke tashinsa daga kujera. Ina tsoron ranar da za a raba shi da ita, tsoro na gaske.

Ranar ashirin da bakwai ga Yuni ya cika saba'in da biyu, Gillian ta saya mana tikitin wasan yini ɗaya a babban filin Leeds, namu da baƙi daga ƙetare. Ita ba ta samu zuwa ba, tana aiki. A jirgin ƙasa, mun wuce Keighley kenan, Arnold ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Na yanke shawara a kan takardar Keith."

"To madalla. Ka ce masa ya je ya sha ruwa."

"A'a. Kin san a manyan wasanni yanzu ana ɗaukaka ƙara wurin na'ura. Ƙarar farko da za a kai a kan dokar ƙafa, zan faɗi hukuncina kafin a nuna a allo. In na'ura ta yarda da ni, na tsaya baɗi. In ta ƙaryata ni, na rataye riga."

Na dube shi galala. Mutumin da shekara goma sha yana zagin na'urar nan, yana ce mata maƙaryaciya mai wutar lantarki, shi ne yau zai ɗora rigarsa a kanta?

"Arnold, ka fara shan wani abu ne ban sani ba? Daga kujerar 'yan kallo? Ai mutanen kamar tururuwa za ka hango su."

"Kujerunmu suna bayan mai jifa sak. Na ce ɗaya tak, kuma na gama magana."

In ya ce ya gama magana, gara ka yi da katanga.

Mun sami wurinmu can sama. A damana wani mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, da 'yar rediyo maƙale a kunne, ya ce sunansa Zubair Kayani, yana da shagon kafet a Bradford. Kafin mu zauna sosai ya miƙo mana samosa daga leda, yana ce mini Anti, yana ce wa Arnold Kawu. A gabanmu kuwa wasu ƙarti shida ne sun sha shigar ayaba tun daga kai har gwiwa, rawaya shar, kowa da kofin giya. Babbansu ya juyo ya gaishe mu da ladabi, ya ce shi malamin lissafi ne a Wakefield, ɗayansu ne zai yi aure. Ya faɗi sunansa na manta, Ayaba kawai nake ce masa.

Baƙi suka fara bugu. Awa guda ta wuce ba ƙara. Ni da ban taɓa damuwa da wanda ya ci ba, ranar nan duk ihun da aka yi sai gabana ya faɗi. Can aka ɗaukaka wata, na damƙi hannun Arnold, ya ce wannan ba ta ƙafa ba ce, ana duba ko ƙwallon ta goga katako ne, ba ta cikin lissafi. Na sake shi, na ci samosa ta biyu don haushi.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi abin ya zo. Mai jifanmu ya saki ƙwallo, ta daki ɗan baƙi a ƙwauri, ji kake tim har inda muke. 'Yan wasanmu goma sha ɗaya suka juya ga alkali da ihu, fili duka ya ɗauka. Alkalin ya girgiza kai, wato bai fita ba. Kyaftin ɗinmu ya yi shawara da mai tsaron baya, ya haɗa hannu ya yi alamar ƙara.

"To, Arnold?"

"Ya fita," in ji shi, ko ɗar babu.

Aka fara nunawa a babban allo, a hankali a hankali. Muryar alkali na uku, wanda ke zaune a ɗaki da talabijin, tana fita ta lasifika. Ba ta taɓa katako ba. Sai zanen hanyar ƙwallon ya fito, da akwatuna uku a gefe. Zubair ya raɗa mini cewa ja uku yana nufin ya fita, kore ko ɗaya ne yana nufin ya tsira. Akwatin farko, inda ta dira: ja. Na biyu, inda ta same shi: ja. Zanen ya ci gaba, ya ratsa ƙafar kamar ba ta nan, ya je ya shafi kan sandar gefe. Na gani da idona, ta taɓa! Na miƙe tsaye zan yi guɗa.

Akwati na uku ya fito ruwan goro. An rubuta, "Yadda alkali ya ce."

Alkalin fili ya sake girgiza kai. Ɗan baƙi ya gyara hularsa ya ci gaba da bugu abinsa. Fili ya kaure da ihun ƙin yarda, ni kuma ina tsaye baki buɗe.

"Tsaya, tsaya. Ta daki sandar ko ba ta daka ba?"

"Ta daka, Mama," in ji Ayaba.

"To ya fita kenan."

"Bai fita ba, Anti," in ji Zubair. "Ga shi can yana bugu."

"Ikon Allah! To na'urar ta ce alkalin ya yi daidai?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce ya yi kuskure?"

"Shi ma ba ta ce ba."

Ayaba ya juyo gaba ɗaya ya durƙusa a kan kujerarsa, ƙoƙon rigar yana lilo a kansa, ya shiga yi mini darasi. Wai na'urar ba ta ga ƙwallon ta daki sanda ba, hasashe take yi. In abin da zai taɓa sandar bai kai rabin ƙwallo ba, sai ta ce ba ta da tabbas, a bar maganar alkali yadda take. Ya ce da alkalin ya ce ya fita tun farko, da wannan hoton dai za a nuna, kuma da mutumin ya fita.

"Jifa ɗaya, hoto ɗaya," na ce, "mutum ya fita kuma bai fita ba?"

"Yauwa, kin gane!"

"Ban gane komai ba, ɗan nan. Shi rabin ƙwallon da ya rage, gida zai koma? In na jefe ka da rabin bulo ba za ka ji ba?"

Sauran ayabobin suka fashe da dariya, ɗaya har giya ta sarƙe shi. Na juya ga Arnold. Yana zaune hannuwa a gwiwa, ya kafe fili da ido, ko motsi.

"Arnold, ka ci ko ka faɗi?"

Ya ci gaba da kallon fili. Ni kuma bakina ba ya riƙe ruwa in raina ya tashi. Na kwashe labarin kaf na zazzage musu: rigar, shekara talatin da uku, takardar Keith, alkawarin cikin jirgi. Arnold ya ce, "Hazel," a hankali, amma aikin gama ya gama.

Tabɗi! Kamar na watsa wa kaji tsaba. Ayaba ya ce babu wata tantama, Baba ya ci, tunda ya ce za ta daki sanda, na'ura ta nuna tana dukan sanda. Zubair ya cire rediyon daga kunne ya ce yana jin nauyin Kawu, amma gaskiya ɗaya ce, Kawu ya ce mutum ya fita, mutum kuwa bai fita ba.

"Ba da alkalin can ya yi alkawari ba, da na'ura ya yi," in ji Ayaba.

"Na'urar ce ta ce a bi alkalin."

"Ai Baba ma alkali ne! Da shi ke tsaye a can, da maganarsa ta zauna."

"Da! Ai da an yi ni Bature da yanzu ina cikin rigar ayaba."

"Kai dai ka ji da kafet ɗinka, lissafi ba gonarka ba ce."

"Malam, in haka kake koyar da yara, gara in cire jikana daga makaranta."

Wani daga baya ya ce a soke na'urar baki ɗaya. Wani ya ce a soke alkalan. Wata tsohuwa mai saƙa ta ce a zamanin ubanta mai bugu da kansa yake fita in ya san ya fita, ba ya jiran kowa, aka ce mata a dokar ƙafa ba mai yin haka, ta ce to shi ya sa duniya ta lalace. Sai kuma Zubair ya ce yanzu da ya sake tunani, tunda ba a ƙwace wa namu damar ƙararsu ba kamar yadda ake yi in ƙara ta faɗi, ai alama ce ba su yi kuskure ba, ke nan Kawu yana da gaskiya. Ayaba ya ce a'a, wannan hujjar ba ta da ƙarfi, shi ba zai karɓi nasara da ita ba. Kafin in ankara sun yi musanyar ɓangare, kowa yana kare abin da ya ƙaryata minti biyar da suka wuce. Ana ta wasa a ƙasa, an fitar da mutum biyu, ba wanda ya lura a layinmu. Kaina ya yi zafi har na zuba shayi a kan cuku.

Daga ƙarshe angon ayabobi ya hau kujera ya ce a yi ƙuri'a. Masu cewa Baba ya tsaya baɗi su ɗaga hannu. Layi huɗu suka ɗaga, har da tsohuwa da allurar saƙarta, har da Zubair da hannu biyu. Aka yi tafi. Daɗi ya kama ni, na ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gobe da sassafe Keith zai ji daga gare ni. Na zunguri Arnold na ce ya yi godiya mana. Ya ɗan ɗaga hula kawai. Na ɗauka kunya ce, da haushin na tona shi.

Baƙi suka gama bugunsu wajen ƙarfe uku, aka tafi hutun rabin lokaci. Ayabobi suka sauka neman giya. Ana ta sako saƙonnin jama'a a babban allo, wane yana taya wance murna. Ina cikin naɗe sauran burodi sai Zubair ya yi tsalle.

"Kawu! Kawu, duba!"

Na ɗaga kai. Ga shi nan da haruffa kowanne ya kai ƙofar ɗaki, farare a kan shuɗi, sunan mijina. Aikin Gillian ne. Mutanen layinmu suka sa ihu suna nuna shi. Arnold ya fuskanci allon sak, ya daɗe yana kallo, sannan ya karkato gare ni.

"Me ya faru? Ba an tafi hutu ba? Wa aka fitar?"

Na yi zaton wasa yake. Arnold ba ya wasa. Na ajiye burodin.

"Arnold, me ka gani a allon can?"

"Shuɗi a gefe-gefe."

"Tsakiyar fa?"

"Ba tsakiya, Hazel. Ko fuskarki in na dube ki sak, sai gashi da kunnuwa."

Zubair ya mayar da rediyonsa kunne, ya juya ya ba mu baya, Allah ya saka masa.

A nan, a kan kujerar roba, Arnold ya gaya mini. Tun watan Maris ya je asibitin ido, ranar da ya ce mini zai je sayen irin wake. Sun ce tsakiyar idon ce ke mutuwa, duka biyun, tabarau ba ya maganinta. Sai a lokacin na tuna yadda ya koma kallona ta wutsiyar ido, ni kuma ina ce masa ya daina hararata, ban ci masa bashi ba. Na tuna ya bar karanta jarida ya ce duk ƙarya ce a ciki. Kunya ta rufe ni, da baƙin ciki, da wani irin fushi da ban san inda zan sauke shi ba.

"To ƙwallon ɗazu fa? Yaya aka yi ka ce ya fita?"

"Ƙarar na ji. Da ihun mutane."

"Don Allah me ya kai ka wannan caca, alhali ka sani?"

Ya murza hularsa a hannu. "Na ɗauka za ta kama ni. Na ce in na canka a gaban mutum dubu goma sha, na'ura za ta ce tsoho ka yi kuskure, in tafi gida in ce ita ta fitar da ni. Keith bai iya faɗa mini ba, sai kewaye-kewaye. Ke ba za ki taɓa faɗa ba. Na zo wurin wadda ba ta jin kunyar kowa, ita ma ta turo mini abina."

Na ɗora hannuna a kan nasa.

"Karanta mini," in ji shi. "Kafin su cire."

Na karanta. "Barka da cika shekara saba'in da biyu, Arnold Thackray na Harkerby. Shekara talatin da uku a fili, bai taɓa kuskure ba, in ji shi. Daga Gillian da yara." Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko. Aka sauya allo zuwa tallar inshora.

"Ki rubuta wa Keith gobe," ya ce. "Ni ba na ganin layin takarda. Kada ki zage shi."

"In ce masa me?"

"Ki ce ya nemi wani. Ki ce ni na faɗa."

Sai ga ayabobi sun dawo suna waƙa, babbansu riƙe da kofi biyu. Ya tsaya a gaban Arnold ya ɗaga murya, ya ce jama'a a sha don lafiyar Baba, da shekararsa ta talatin da huɗu a fili. Layi huɗu suka amsa. Na buɗe baki, Arnold ya taka mini ƙafa. Ya miƙe tsaye, ya gyara kwalar rigarsa, ya ce ya gode, ya miƙa hannu zai karɓa. Hannun ya wuce ta gefen kofin ya kama iska.

Na riƙo wuyan hannunsa na kai shi kan kofin, ban sake ba sai da na ji ya damƙe.